Kafin ka hau jirgin Santambul: shirin tafiya karatu Turkiyya

Ranar da saƙon samun gurbi ya shigo mini daga Türkiye Bursları, wato tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, Hajiyarmu ta rangaɗa guɗa, nan take ta shiga lissafin gidajen da zan je sallama. Ni ma na ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Shekara biyar na yi a Konya, wani birni a tsakiyar Turkiyya, kuma duk ƙanen da ya tambaye ni da me zai fara, amsata ɗaya ce: takardu.

Ɗauko fasfonka, da takardar NIN, da ta haihuwa, da sakamakon WAEC ko NECO, ka jera su a tabarma ka bi sunanka harafi bayan harafi. Nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. A wannan kai ne Muhammad, a waccan Mohammed, a ta uku an sa sunan mahaifinka a gaba ko an liƙa maka sunan garinku. A gida ba mai damuwa, amma ma'aikacin da ke zaune a ofis a can mutum uku yake gani. Ni harafi ɗaya ne ya ɓace a sunan mahaifina, sai ga ni a kotu ina neman takardar rantsuwa ana saura sati uku tafiya. Ka yi wannan gyaran tun kana da sarari.

Daga nan sai Abuja. Takardun makaranta za su bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance su, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga nata hatimin. Kada ka je da niyyar dawowa a ranar, ka nemi wurin kwana. Da waɗannan takardun ake neman abin da Turkawa ke kira denklik, shaidar cewa sakandarenka daidai take da tasu, kuma za a buƙaci a fassara su zuwa Turkanci a wajen tafinta mai lasisi. Duba ranar ƙarewar fasfonka ma. Izinin zama, wato ikamet, ba ya wuce wa'adin fasfo, hasali ma sai fasfon ya zarce shi da kwana 60. In naka ya kusa mutuwa, sabunta shi a gida. Ka karɓi katin rigakafin shawara, ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka ta imel, ka bar wa wani yayanka kwafi. Na asalin kuwa a jakar hannu za su zauna, ba a akwatin da zai shiga cikin jirgi ba.

Batun kaya ba ya buƙatar dogon bayani. A watan Satumba ko Oktoba ake sauka, sanyi bai kankama ba tukuna, don haka rigar sanyi ɗaya ta isa. Babbar kwat da takalmin dusar ƙanƙara ka saya a can, domin hunturun Konya ba irin na Kano ba ne, a Janairu ruwa daskarewa yake yi a waje. Abin da ba za ka samu ba shi za ka ɗauka: yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, da daddawa da aka ƙulle ta leda uku saboda wari. Kilishi da dambun nama ka cinye su a gida, ba a yarda matafiyi ya shiga da nama ba.

Akwai maganar saƙo, kuma ita ce na fi jin tsoro. Da an ji za ka tafi, wani zai zo da ƙulli ya ce ka miƙa wa ɗansa a Santambul. Ka buɗe shi a gabansa, ko da kawunka ne. In ya ji haushi, ka ba shi haƙuri ka mayar masa da abinsa. Duk abin da aka samu a akwatinka naka ne a idon hukuma. Maganin da kake sha ma ka riƙe shi da takardar likita, a cikin kwalinsa.

Wayar da ka zo da ita daga gida za ta yi aiki da layin Turkiyya na kwana 120, daga nan a rufe ta sai an biya kuɗin rajista mai tsada. Ka tanadi kuɗin ƙaramar waya a can. Ka kuma riƙe 'yan daloli da za su kai ka wata biyu, domin alawus ba ya fara shigowa sai an buɗe maka asusun banki.

Shekarar farko ta koyon Turkanci ce, amma kada ka jira aji. Ka haddace ƙirga da gaisuwa tun a gida. Za ka yi mamakin kalmomin da muka yi tarayya ta hanyar Larabci: kalem alƙalami ne, saat sa'a, dünya duniya, haber labari. Wadda ta fi yi mini amfani ita ce kolay gelsin, tamu ce sak, sannu da aiki. Ka faɗa wa mai shara ko mai shago ka ga yadda fuskarsa za ta saki. A masallaci kuma Hanafiyya ne akasari, in kana sakin hannu a salla wani dattijo zai iya yi maka gyara. Ka ce masa Maliki, zai gane.

Sallama ka fara ta da saura sati biyu, daga gidan kakanni da malaminka na allo zuwa gwaggonni, don daren ƙarshe ya zama na iyayenka su kaɗai. A daren nan na zauna na koya wa Hajiya kiran bidiyo a WhatsApp har sau huɗu, na rubuta mata a bangon littafin addu'arta cewa Turkiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Muka tsayar da Juma'a bayan la'asar ɗinsu, lokacin Baba ya dawo daga kasuwa.