Yadda za ka yi idan ka tarar da guza ko damo a gidanka

Da zarar ruwan damina ya zauna a Bauchi, za ka fara jin ihun yara daga bayan gida: "Baba, ga kada!" Kada kuwa ba ya zuwa Fadaman Mada yawo. Galibi damo ne ko guza.

Kafin ka ɗauko taɓarya, tsaya daga nesa ka gane wanne ne. Damo gajere ne, mai kauri, launin ƙasa, kansa a dunƙule. Ya kan yi rani a ɓoye cikin rami, sai ruwa ya sauka ya fito neman dodon koɗi, ƙadandoniya da kunama. Ba banza ake ce masa sarkin haƙuri ba. Guza kuma dogo ne, baƙi-baƙi da ɗigon rawaya, babbansa kan kai mita 2. Shi ɗan bakin ruwa ne, shi ya sa masu gidaje kusa da fadama ko madatsar Gubi suka fi saninsa. Shi ne ɓarawon ƙwai da 'yan tsaki.

Wasu 'yan boko kan kira su iguwana, amma iguwana ta ainihi dabbar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ce, kuma ganye take ci. In har ka ga koriya mai ƙayoyi jere a gadon baya, to ta wani ce ta kuɓuce daga keji. Kife ta da kwando ka yi cigiya a unguwa, kada ka sake ta a daji.

Da ka gane damo ne ko guza, sai a shigar da yara ɗaki, a ɗaure kare, a rufe akurki. Sannan ka buɗe masa hanya. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, alhali ya fi kowanne sauƙi. A bara wani guza ya shigo mana ta rariyar tsakar gida, samari suka yi masa zobe da sanduna. Sai ya kumbura wuya, yana huci kamar tayar da ta yi faci, ya zabga wa ɗayansu jela a ƙwauri, shatar ta kwana uku. Da na sa kowa ya ja baya aka bar ƙofar baya a buɗe, ko shayin da na ɗora bai tafasa ba ya sulale.

In ya maƙale a ɗaki ko ƙarƙashin tarin itace ya ƙi fita, nemo buhu mai kauri da doguwar tsintsiya. Kwantar da buhun a jikin bango, bakinsa a buɗe, ka tokare shi da itace. Dabbar da ta tsorata duhu take nema, don haka in ka riƙa taɓa shi a hankali ta baya, da kansa zai shige. Ɗaure bakin buhun, ka ajiye a inuwa, domin zafin rana na iya kashe shi a ciki. Kada ka kama shi ta jela, zai juyo. Faratansa da haƙoransa duk suna ɓarna, ga wani kashi mai ɗoyi da yake saki in an matsa masa. In babba ne, bar wa maharbin unguwa ko ma'aikatan gandun daji, irin waɗanda suka saba da aikin Yankari da Sumu.

Kai shi can nesa da gidaje, guza a bakin rafi, damo a saura mai gidajen gara. Masu haɗa goge da masu dukanci za su taya fatar, na sani. Ni dai ban ba da shawarar sayarwa ba. Fataucinsu zuwa ƙetare yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, kuma Najeriya na da dokar kare namun daji tun 1985. Balle damo, wanda kunamun gidanka yake rage maka.

Saura toshe abin da ya kawo shi. Sa ragar ƙarfe a rariya, ɗaga akurki daga ƙasa, a riƙa kwashe ƙwai kullum, a daina zubar da hanjin kaza da kan kifi a bayan katanga. Tarin bulo da ciyawar gindin bango ma a share.

In kuwa tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, kada a tsaga, kada a ɗaure, kada a shafa toka. Bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, don haka a je asibiti a ranar a duba ciwon, a kuma tambayi allurar tetanus. Wanda ya riƙe buhun ma ya wanke hannu kafin ya sa a kwano.