Yadda Ake Gane Kwale-kwalen Katako Da Zai Jure Wa Yanayin Zariya

Kwale-kwale mafi tsufa da aka tono a Afirka a ƙasarmu yake. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da shi. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Abin da ya tsare shi kuwa binnewa ce cikin laka mai danshi, inda iska ba ta shiga. Itace ba ya tsoron ruwa kamar yadda yake tsoron jiƙa yau, bushe gobe. Wannan kuwa shi ne halin Zariya: damina ta cika Galma da Kubanni, hunturu ya zo ya tsotse katako har ya tsage.

Don haka kafin ka je wurin kafinta, fara da tambayar kanka inda jirgin zai riƙa kwana. A ruwa, kamar na masunta? Ko ƙaramin nan ne na mutum ɗaya da ake kira kayak, mai rufaffen sama da filafili mai baki biyu, wanda za ka ɗauko ka kawo gida? Amsar ita ce ke zaɓa maka ginin.

Na sassaƙa, wanda masassaƙi ke rarake gungume guda da gizago, ba shi da mahaɗa balle ta buɗe. Rauninsa yana goshi da gindi, inda tsaga ke farawa. Tambayi itacen. Rimi ba nauyi, ga sauƙin sassaƙa, amma ruɓewa da gara ba sa barinsa. Maɗaci ya fi shi nesa ba kusa ba, sai dai nauyi, kuma samun babban gungumensa yanzu aiki ne.

Na faifan katako da ƙusa, da ake cusa wa auduga a shafe da kwalta, yana son zama a ruwa, domin kumburin katakon ne ke toshe kafofin. Ka fito da shi ya yi wata guda a tudu lokacin hunturu, ka leƙa ciki, za ka hango haske ta tsakanin faifan. Duba kan kowace ƙusa. In ka ga baƙin zobe kewaye da ita, tsatsa ta fara cin naman katakon ke nan.

Na uku shi ne na filawud, wato falle na siraran yadin katako da aka manne a kan juna, kuma a nan zan daɗe, don a ganina shi ya fi dacewa da kayak a garin nan. Ana yanka falle mai kaurin milimita 4 zuwa 6, a huda ƙananan ramuka a gefe, a ɗinke da wayar jan ƙarfe kamar mai ɗinkin ƙwarya. Sai a cike mahaɗar da gam ɗin ifoksi (gam mai ruwa kashi biyu da ke daskarewa in an haɗa su) da aka kwaɓa da garin katako, a shimfiɗa ƙyallen faiba, wato na zaren gilashi, a sake shafe shi ciki da waje. Filawud ba ya ja da saki kamar katako, tunda an giciye yadinsa, kuma in an rufe shi ruf, hunturu ba shi da ta cewa.

Amma fa a yi hattara da abin da ake sayowa. Yawancin filawud ɗin da ke wurin 'yan katako na yin kabad ne da silin. Kada ka tsaya ga hatimin da ke jiki. Roƙi ɗan guntu, ka jefa shi a tukunya ya tafasa awa ɗaya ko biyu, ka shanya, ka sake dafawa. Na taɓa ganin wani ya buɗe falle-falle tun tafasar farko kamar littafin da ruwan sama ya daka, alhali an sayar da shi da sunan na ruwa. Wanda ya fito a haɗe shi ne naka. Dubi gefensa kuma, in akwai ramuka tsakanin yadin, bar shi.

Gam ɗin a auna shi daidai yadda aka rubuta a gwangwani, ba da ido ba. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, da sassafe, don zafin Maris da Afrilu na sa ya daskare a kwano kafin a kai ga shafawa. Sannan fenti dole ne, fari ya fi, saboda rana na cin ifoksi har ya zama gari.

Akwai kuma na siraran katako da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a manne. Kyau kam ba a magana, ƙarfinsa ma ya kai, sai dai gyaransa na buƙatar gwani.

In tsohon jirgi za ka saya, kifa shi. Bi cikinsa kana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba. Lafiyayyen wuri yana amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Danna bakin sukudireban a lungunan da ruwa ke kwanciya, in ya nutse, an gama. Daga nan ɗora shi a kan benci biyu, zuba bokiti uku na ruwa, ka tsuguna ka ga inda zai ɗiga.

A gida, ajiye shi a kife cikin inuwa, bisa bulo, kada ya taɓa ƙasa ko jingina da bangon ƙasa, don ta nan gara ke hawa. Duk ƙarzar da ta kai ga katako, a busar a shafe ta kafin jirgin ya sake taɓa ruwa.