Yadda za ka yi sharhin fim, ƙwallo, gem ko labarai har a so karantawa

Yanzu dai duk mai waya a hannu mai sharhi ne, ana hura usur ɗin tashi ko sabon fim ya fita, kafin ka ce kwabo kowa ya zubo nasa, kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya kusan magana ɗaya ake ta juyawa: fim ɗin ya haɗu, fim ɗin shirme ne, lafiri ya yi son kai, koci bai san aikinsa ba. Ba laifi ba ne, ra'ayinka ne, ba mai hana ka. Amma in kana so mutum ya karanta naka har ƙarshe, gobe ma ya leƙo ya ga me za ka ce, to abu ɗaya za ka riƙe: ka nuna mana wajen. Wane minti, wace fitowa, wane layi a cikin labarin.

Kuma ba yadda za a yi ka nuna wajen in ba ka kalla ba. Gani ya kori ji. Hailait na minti uku ba wasa ba ne, tallan fim ba fim ba ne, kanun labari ma ba labari ba ne. Ɗauki wasan ƙarshe na kofin duniya na 2022 a Qatar, Ajantina da Faransa. Wanda ya ga hailait zai ce an tashi 3-3, Mbappé ya ci uku, Messi ya ci biyu, Ajantina ta ɗauka a fenariti 4-2, wasa ya yi zafi tun daga farko har ƙarshe. To ba haka aka yi ba. Wanda ya zauna ya kalla ya san Faransa ko shot ɗaya ba ta buga ba a zagayen farko gaba ɗaya, Di María na Ajantina ya addabe su ta gefen hagu, shi ne Dembélé na Faransa ya kayar aka ba da fenaritin farko, sannan Di María ɗin ne ya ci ƙwallo ta biyu, har kocin Faransa Deschamps ya kasa jiran hutun rabin lokaci ya cire Giroud da Dembélé a minti na 41. Sai kocin Ajantina Scaloni ya cire Di María a minti na 64, daga baya Mbappé ya zura biyu a minti na 80 da 81. Ka ga yanzu kana da abin faɗa, za ka iya cewa ni a ganina cire Di María ne ya ba Faransa numfashi, wani ya zo ya ce a'a gajiya ce kawai ta kama 'yan tsakiyar Ajantina, ku yi ta musu mai daɗi, saboda akwai abin da kuke musu a kai. Wannan ya fi "Messi ne sarki" sau dubu, ko da kuwa ka yarda shi ne sarkin.

In kuma ba ka samu ka kalla duka ba, ka faɗa mana kawai, hailait na gani, ko rabin wasan na kama. Ba wanda zai raina ka don wannan, inda ake raina mutum shi ne ya cika baki a kan abin da bai gani ba sai wani ya gano shi a kwamen.

Sai maganar doka, don nan ne masu sharhin ƙwallo suka fi faɗawa rami. Dokokin wasan 17 ne, hukumar IFAB ce ke rubuta su kuma suna nan kyauta a intanet, doka ta 11 ita ce ta satar gida ta 12 kuma ta keta da taɓa ƙwallo da hannu, in ka karanta waɗannan biyun kawai ka wuce rabin masu ihu. Babu satar gida in ƙwallon ta zo maka kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gola, kuma ba a lissafa hannu wajen auna layin. Shi kuma VAR, wato mataimakin lafiri mai duba bidiyo, da aka shigar da shi doka a 2018, abu huɗu aka ce ya duba a lokacin: ƙwallon da ta shiga raga, fenariti, jan kati kai tsaye, da kuma in an ba wani kati alhali ba shi ya yi laifin ba. Dokokin nan kusan duk shekara ana ɗan taɓa su musamman ta hannu, don haka ka duba ta bana kafin ka ce lafiri ya sayar da wasa.

A ɓangaren fim da shiri mai dogon zango, babban abin da zai gyara maka sharhi shi ne ka san wa ya yi me. Mutane da yawa komai jarumi suke ɗora wa, in labari ya yi rauni jarumi ne, in fitowa ta yi tsawo har ta gundure su jarumi ne. Haba. Maganar da ke bakinsa marubuci ne ya rubuta, yadda ya tsaya da yadda ya faɗe ta akwai hannun darakta, tsawon fitowar kuma aikin edita ne, in kuma fassararren fim kake kallo to muryar ma ba tasa ba ce. Don haka maimakon ka ce fim ɗin ya yi sanyi, ka ce daga wajen da jarumar ta gano gaskiya har zuwa inda ta tunkari jarumin an ja mu kusan rabin awa ba abin da ya faru. Ka yi ƙoƙari ka gane me fim ɗin yake son yi kafin ka yanke masa hukunci, fim ɗin barkwanci in ya sa ka dariya ya yi aikinsa, ba sai ka nemi darasin rayuwa a ciki ba. Ni dai abin da ya fi ba ni haushi a sharhin fim shi ne mutum ya kwashe sakin layi biyar yana ba mu labarin daga farko har ƙarshe sai a layin ƙarshe ya ce ya yi kyau, to ina sharhin? Layi biyu sun isa a san kan labarin, sauran ka ba mu abin da ka gani da yadda ka ji.

Kar kuma ka ɓuya a bayan maki. In ka ga shafin tara sharhin fina-finai na Rotten Tomatoes ya rubuta 90% ba wai fim ɗin ya ci casa'in bisa ɗari ba ne, ma'anarsa cikin masu sharhi goma tara sun ce ba laifi, ko da a cikinsu ba wanda fim ɗin ya burge sosai. Na shafin IMDb kuma ƙuri'ar masu kallo ce daga 1 zuwa 10, kuma an sha ganin mutane sun yi gayya sun zuba wa fim 1 ko 10 don wani dalili da ba ruwansa da fim ɗin.

Ƙarshen labari kuwa don Allah kar ka tona. In dole sai ka taɓa shi, ka rubuta gargaɗi a layin farko, ka ce wanda bai kai kashi na kaza ba ya tsaya a nan, ka bar fili kafin ka ci gaba, kuma kar ka sa shi a hoto don hoto ba ya jiran a danna. Netflix galibi zango guda yake saki a rana ɗaya, kai ka hana idonka barci ka cinye shi, wani kuwa kashi ɗaya yake samu ya kalla a sati.

Gem nasa daban ne, saboda gem ɗin da ka buga ba lallai shi wani ya buga ba ko da sunan ɗaya ne. Ka faɗi a kan me ka buga, waya ce, kwamfuta ce, PS4 ko PS5, da wace shekara ko bayan wane ofdet. Cyberpunk 2077 da ya fito a Disamban 2020 a kan PS4 matsaloli ne cike da shi har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet sai a Yunin 2021 ya dawo, alhali masu kwamfuta mai ƙarfi da yawa suna ta jin daɗinsu, kuma wanda ya buga shi bayan gyare-gyaren da aka yi ta yi zai rantse ƙarya na farkon suke yi. Duk gaskiya suka faɗa. Haka masu gem ɗin ƙwallo, PES ya koma eFootball a 2021, FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, kuma ana canza yadda 'yan wasa ke gudu da tare ƙwallo ko a tsakiyar shekara. Ka faɗa mana ko yana buƙatar intanet kullum, ko yana matsa maka sai ka sayi abu a ciki kafin ka ci gaba, da kuma inda ka kai a cikinsa. In an ci ka sau uku a jere kar ka yi fostin a lokacin, ajiye pad ɗin tukuna, ba kullum ne laifin gem ba.

Inda za ka fi taka-tsantsan shi ne labarai, saboda in ka yi kuskure a fim dariya kawai za a yi maka, a labari kuwa za ka iya jawo wa wani bala'i. Ka buɗe ka karanta har ƙasa, don sau da yawa wanda ya rubuta labarin ba shi ya rubuta kanun ba, edita ne, kuma burinsa ka danna. Ka duba kwanan wata, tsohon labari yana dawowa kamar yau ya faru. Ka duba daga ina suka samo, don in jaridu goma duk sun ce "in ji Reuters" ko AFP ko AP, wato kamfanonin dillancin labarai, to majiya ɗaya ce ba goma ba. Hoto ka jefa shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fitowa shekarun baya a wata ƙasa daban, sikirinshot kuwa ba hujja ba ce, yaro ma zai iya haɗa shi. Sannan ka raba abu uku a rubutunka: ga abin da ya faru, ga abin da wane ya ce, ga abin da ni nake gani. Labaran cinikin 'yan wasa ma haka, "ana tattaunawa" daban, "ya sa hannu" daban.

Wajen rubutawa, ka fara da hukuncinka a layin farko, sai dalili biyu ko uku, ka rubuta yadda kake magana ba sai ka ari muryar ɗan jarida ba. Ka faɗi ɓangarenka tun farko, in kai ɗan Madrid ne kana sharhin Barcelona gara mu sani. Ka soki aiki ka bar mutum, cewa ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo uku sharhi ne, zagin iyayensa ko launin fatarsa ko jikin jaruma ba sharhi ba ne. A kwamen ka amsa wa wanda ya kawo hujja, wanda ya zo da zagi ka wuce shi, in kuma wani ya gyara maka minti ko suna ka gyara a fili kar ka goge a ɓoye.

In bidiyo kake yi, ka kula da yankan fim ko na wasa da kake sakawa. YouTube na da tsarin Content ID da ke gane hoto da sautin masu haƙƙin mallaka da kansa, za su iya toshe bidiyon ko su karɓe kuɗin tallansa, in kuma aka kai ƙararka aka ba ka gargaɗin haƙƙin mallaka uku cikin kwana 90 za a iya rufe tashar gaba ɗaya. Masu gasannin ƙwallo su suka fi kowa zafi a wannan, don haka gara ka nuna fuskarka kana bayani, ko ka zana filin a takarda ka nuna inda kowa ya tsaya.