Cire wani kaso daga assurance-vie: lissafin haraji kafin ka sa hannu

Damagarawa da suka yi aiki a Faransa, da yawansu suna da ajiya a inshorar rai, wadda can ake kira assurance-vie. Idan ginin gida ya taso a Zango, ko ana son ƙara jari a Kasuwar Dole, sai a aika wa kamfani takardar rachat partiel, a ciro wani kaso a bar saura. Kada ka aika sai ka yi lissafin nan.

Ribar da ke cikin kuɗin kaɗai haraji ke ci. Amma ba ka da ikon cewa uwar kuɗinka ka ɗauka. Duk abin da ka ciro, uwa da riba ne a gauraye daidai gwargwado. A ce ka zuba yuro 30.000, ajiyar ta kai 40.000, ka ciro 10.000, wato sefa 6.559.570 tunda yuro ɗaya 655,957 ne. Riba rubu'in ajiyar ce, don haka 2.500 ne za a yi wa haraji. Uwar kuɗin da ta rage a littafin kamfani ta koma 22.500, da ita za a yi lissafi na gaba.

Sai shekarun kwangila. Daga ranar da aka buɗe ta ake ƙirgawa, ba daga ranar zubi na ƙarshe ba. A kan kuɗin da aka zuba daga 27 ga Satumba 2017, mazaunin Faransa yana biyan kashi 12,8 cikin ɗari kafin shekara 8. Bayan shekara 8 ya sauko 7,5, muddin jimillar zubinsa ba ta wuce yuro 150.000 ba, kuma ana yafe masa ribar 4.600 kowace shekara, ma'aurata masu haɗa takardar haraji 9.200. Yafiyar ɗaya ce ga duk kwangilolinka, ba ta kuma shafi kashi 17,2 na prélèvements sociaux, wato kuɗin tallafin zamantakewa da ake cirewa daga riba, ba: a misalinmu yuro 430 ke nan, sai a debe abin da aka riga aka cire duk shekara a fonds euros, wato ɓangaren ajiyar da kamfani ya lamunce uwar kuɗinsa. Idan ribar ta fi yafiyar, raba cirewar biyu, rabi a Disamba rabi a Janairu, ka ci yafiyar shekara biyu. Wanda ya rage masa wata uku ya cika shekara 8 kuwa, wallahi ya daure. Siminti na iya jira.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne bayan dawowa gida. Da zarar zamanka na haraji ya koma Nijar, yafiyar 4.600 ta faɗi, amma 17,2 ɗin ma ba ya kanka. Kamfani zai cire 12,8 tun daga tushe, yuro 320 a misalinmu. Idan kwangilar ta haura shekara 8 kana iya rubuta wa hukumar harajin Faransa ta mayar da lissafin kan 7,5 ta biya ka rarar. Ba ka nema ba, ba mai ba ka. Zubin da ya riga 27 ga Satumba 2017 kuma, a kwangilar da ta haura shekara 8, 7,5 ne kai tsaye. Sharaɗin shi ne kamfani ya san ka tashi. Wanda ya bar adireshin ɗakinsa na Marseille a takardu, mazaunin Faransa za a ɗauke shi a cire masa 17,2, dawo da su kuma sai an sha wahalar wasiƙu. Ka aika shaidar zamanka ta haraji tare da takardar neman cirewa, ka ajiye kwafi.

A Disamba 2023 Nijar da Mali suka sanar da soke yarjejeniyar da ke hana biyan haraji sau biyu tsakaninsu da Faransa. Kada ka dogara da tsohon lissafin da wani yaya ya yi kafin lokacin. Je ofishin DGI, hukumar harajin Nijar, na Damagaram da takardar kamfani mai nuna riba da abin da aka cire, ka tambayi abin da ke kanka a nan.

Doka ta ba kamfani har wata biyu ya biya bayan takardu sun cika. Kada ka yi wa magini alkawarin rana sai kuɗin sun shiga asusunka na banki.