Darasi na 9: Ƙaiƙayi Bayan Kwanciyar Aure

Wata mata ce a Rigasa, Kaduna, tana goyon wata huɗu. Duk daren da ta kwana da maigidanta, washegari sai gabanta ya yi ja, ga raɗaɗi, ga ƙaiƙayi. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Da abin ya ishe ta, ta aiki yaro kemis da 'yar takarda, aka haɗo mata kafso da man shafawa. Ya lafa kwana biyu ya dawo. Maƙwabciya ta ce ta zauna cikin ruwan zafi da gishiri da Dettol. Ta zauna, fatar ta ƙara ɗayewa.

Ranar nan yayarta ta zo daga Tudun Wada, ta ga yadda take zama a karkace bakin tabarma.

"Ke, lafiya kike kuwa?"

"Yaya, abin ba ya faɗuwa."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauko mayafinki."

A asibitin unguwa malamar jinya ta ja labule, ta tambaye ta: tun yaushe? Akwai ruwa mai fita? Da wane sabulu kike tsarki? Kina matsi? Ta duba ta, ta tura ta gwaji. Ashe ba sanyi ba ne. Shayarwa ce ta busar mata da gaba, ga wani haɗin matsi da take sawa, ga sabulu mai ƙamshi. Alhali wata guda ke nan tana zargin mijinta a zuci.

Abin da ke kawo shi

A wurinmu duk abin da ya taɓa gaba sunansa sanyi, ko infekshan. Amma ƙaiƙayi alama ce kawai, kuma abubuwa da yawa ke kawo ta.

Fatar wurin siririya ce, ba ta son gurza. Mace mai shayarwa da wadda al'ada ta ɗauke mata sukan bushe, sai saduwa ta bar musu 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani, amma fitsari na taɓawa sai zogi. Gaggawa ma tana jawo haka. Wannan magana ta maza ce, a ji ta da kyau.

Wasu kuma jikinsu ne ba ya shiri da wani abu: robar kwaroron roba, sabulu mai turare, miski, humra da ta taɓa kamfai, ko kayan matsi da ba a san me aka zuba ciki ba. Irin wannan yakan taso nan take ko cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Gaban mace yana wanke cikinsa da kansa. Tura sabulu, kanwa ko lemon tsami ciki kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin wurin yake yi, sai cuta ta samu ƙofa.

Akwai kuma ƙaiƙayi mai zuwa da farin ruwa mai kauri kamar kindirmon da ya tsinke. Ya fi kama masu ciki, masu ciwon suga, da wanda ya daɗe yana shan kafso. Budurwar da ba ta san namiji ba ma tana yinsa, don haka ba shaidar cin amana ba ne. Ƙazuwa kuwa da dare take tashi, kuma za a ga yaran gidan su ma suna susa tsakanin yatsu.

Sai waɗanda ake ɗauka ta saduwa. Ciwon sanyi na gaske yakan sa namiji zafin fitsari da fitar mugunya, galibi cikin mako guda. Mace kuwa tana iya ɗauke da shi ba ta ji komai ba, har ya toshe mata hanyar ƙwai ta rasa haihuwa. Tunjere ya fi su yaudara: gyambo ɗaya ne marar zafi, yakan fito kamar mako 3 bayan saduwa, ya warke da kansa. Mutum ya ce alhamdulillahi, ashe cutar ta shige jini, tana iya kama jariri tun a ciki. Shi ya sa ake ɗibar jini wajen awo. Ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fashewa suna zogi, su tafi su dawo, su ma na likita ne.

Kafin a je, da lokacin zuwa

A dakata da saduwa. A wanke waje da ruwa zalla, a tsane, a sa kamfai na auduga. A ajiye duk wani sabon sabulu ko haɗi. Man nan na kemis da ake cewa yana maganin komai, yawancinsu akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi ya bar cutar tana yaɗuwa, kuma yana cinye fata idan aka daɗe ana shafawa. Idan bushewa ce, akwai man sulɓi mai ruwa-ruwa irin su K-Y Jelly. Basilin yana lalata kwaroron roba.

In kwana 2 ko 3 sun wuce bai lafa ba, a tafi asibiti. Idan da gyambo, mugunya, wari, zazzaɓi, ciwon mara, kumburin maraina, ko mace na da ciki, kada a jira ko kwana ɗaya. Wanda leɓensa ya kumbura ko numfashi ya sarƙe masa bayan amfani da roba, a garzaya da shi nan take. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta kafin awa 72, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki.

A fara da ƙaramin asibitin mazaɓa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko na Kawo, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko Barau Dikko. Mace na da ikon ta ce mace take so ta duba ta. A riƙe kwalin duk maganin da aka riga aka sha, a nuna.

Idan gwaji ya nuna cutar saduwa ce, magani na gida duka ne: miji, mata, da abokiyar zama in akwai. A yi wa ɗaya a bar ɗaya, ranar girki ciwon zai dawo. A shanye maganin ko an ji sauƙi, kuma kada a kusanci juna sai kowa ya gama nasa an ƙara kwana 7, ko yadda likita ya ce.

Aikin aji

Karanta waɗannan kalmomi, ka kwafe su: ƙaiƙayi, gyambo, mugunya, gwaji, awo.

Me ya sa maganin kemis bai yi wa matar Rigasa aiki ba?

Rubuta jimla 3 da za ka faɗa wa ma'aikacin lafiya: ranar da abin ya fara, abin da ka gani, da abin da ka sha ko ka shafa. Ba sai ka nuna wa kowa a aji ba.