Yadda Za a Riƙe Soyayya Idan Saurayi Yana Bakin Daga

Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, ƙauyukan Kano da Jigawa ba su daina sallamar samarinsu zuwa aikin soja ba. Yaro zai yi watanni yana horon kurtu a Zariya, daga nan a tura shi rundunar Haɗin Kai mai yaƙi da Boko Haram, ya tsinci kansa a Monguno ko Damboa ko bakin Tafkin Chadi, ko kuma a kai shi dazukan Zamfara da Katsina, alhali ya bar yarinyar da yake zuwa zance wurinta a ƙauye. Waɗanda suka je Burma a yaƙin duniya na biyu, da waɗanda suka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, sun bar irin wannan jira a bayansu ba tare da waya ba. A yau akwai waya, amma ita kaɗai ba ta riƙe alkawari.

Abu na farko, kai saurayi, shi ne ka shigar da manya cikin maganar kafin ka ɗauki jakarka. Zancen ƙofar gida, komai daɗinsa, ba shi da nauyi a wurin iyaye idan mai yin sa ya yi nisa. Ka tura baffanka ko kawunka su kai kuɗin gaisuwa, a yi baiko, mutanen gari su shaida. Hanin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi game da nema cikin nema, malaman Malikiyya sun bayyana cewa yana aiki ne idan an karkata ga mai neman farko an amince masa, saboda haka wanda ya tafi ba a ba shi ba, ba shi da hujjar ƙorafi idan ya dawo ya tarar da wani. Wajen sa rana kuwa a yi hattara, domin soja ba shi da iko da lokacinsa, kuma fas ɗin da aka yi masa alkawari, wato izinin zuwa gida, ana iya soke shi da dare ɗaya. Ya fi kyau a ce "bayan kaka" ko "zuwansa na farko", sannan a yanke wa'adin da idan ya wuce manya za su sake zama. A ganina wannan wa'adi adalci ne ga yarinya da iyayenta, waɗanda za su riƙa ganin ana kai sa'o'inta ɗaki ɗaya bayan ɗaya suna shan tambayar mutane.

Sai maganar shiru, wadda ta fi komai kashe irin wannan soyayya. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an rufe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa, kuma a Satumba na 2021 an yi haka a Zamfara. Ko ba a rufe ba, akwai wuraren da aka lalata turakun sadarwa, akwai kuma fita sintiri da ake yin kwanaki ba a taɓa waya ba. Don haka ku yi magana tun da wuri cewa shirun mako uku ko wata ɗaya ba alamar juya baya ba ce. Ku tsayar da lokacin kira da kowa ya sani, misali ranar kasuwa bayan sallar isha'i, musamman idan wayar ta yayanta ce ko ta mahaifiyarta, kuma sai an kai ta wurin mai caji. Saƙon murya na WhatsApp yana da amfani ƙwarai, domin yana jira har a sami sabis, kuma ana iya maimaita sauraronsa. Wasiƙa ma ba ta mutu ba: ko da boko ko da ajami, abokin aikin da ya sami fas zai iya ba direba ita a tasha a Kano ta isa gida.

Ke kuma, kada ki matsa masa sai ya faɗa miki ainihin inda suke ko ranar da za su tashi, kuma kada ki sa hotonsa da kaki a Facebook ko TikTok kina ambaton garin. Hukumar soja ta hana irin wannan, kuma rayukan abokan aikinsa na cikin lamarin. Abin da yake ƙishirwar ji shi ne labarin gida. Ki gaya masa ko ruwa ya sauka, ko geron gonarsu ya fara fitar da kai, wa ta haihu, nawa aka sayar da rago a Wudil ranar Juma'a ko a Maigatari ranar Alhamis, da yadda jikin Inna yake. Mutumin da ke kwana a rami da bindiga, waɗannan ƙananan labarai su ne ke tuna masa cewa har yanzu yana da wurin zama a garinsu. Kai ma kada ka ƙarar da katinka a kan tuhuma, wa ya zo, wa ya yi sallama da ita. Idan saɓani ya shiga, a kashe shi kafin a ajiye waya, domin babu wanda ya san lokacin da kira na gaba zai samu.

Gulma za ta zo, babu makawa. Za a ce mata ya yi aure a Maiduguri, shi kuma a ce masa an ga mai babur a ƙofar gidansu. Maganinta shi ne ku zaɓi mutum ɗaya mai amana tun farko, ƙanwarsa ko gwaggonta, wanda maganarsa ce za a ɗauka idan ba a sami juna ba. Wannan mutum yana da wani amfani mafi girma. Idan soja ya ji rauni ko wani abu ya same shi, hukuma tana sanar da magajin da ya rubuta a takardarsa ne, budurwa kuwa ba ta cikin wannan lissafi. Kunya ba za ta bar ki ki riƙa zuwa gidan surukai ba, amma ƙawance da ƙannensa mata zai sa labari na gaskiya ya iso ki kafin na waya. Kada ki gaskata hoton gawa da ake yaɗawa, kuma duk baƙuwar lambar da ta kira tana cewa yana asibiti a turo kuɗi, a fara tambayar gidansu.

Kyauta kaɗan da ba ta yankewa ta fi babba da ake yi sau ɗaya. Toshin salla kada ya wuce, ko da ta hannun mai POS ne zuwa ga ƙanwarka. Idan albashi ya shigo, ka sa a sayi tunkiya a yi kiwo don lefe, domin iyayenta su ga shiri da idonsu. Ita kuma hular da ta ɗinka da hannunta, ko yaji da ƙuli-ƙuli, suna isar da abin da baki ke jin nauyin faɗa.

Idan jira ya yi tsawo, a tuna cewa addini bai ɗauki kewa abin kunya ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji wata mata da dare tana begen mijinta da ke wurin yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, sannan ya iyakance zaman mayaƙa ga watanni huɗu, a wata ruwayar shida. Soja na yau ba shi ke yanke wa kansa wannan ba, amma ɗaurin aure ba ya bukatar ango ya halarta, wakilinsa da waliyyinta da shaidu da sadaki sun wadatar. Sai dai a yi shi da yardarta, bayan an bayyana mata inda za ta tare, gidan iyayensa ko bariki, da kuma cewa auren ba zai rage kwanakin rashinsa ba.

Ranar da ya dawo, ki sa ran ganin sauyi. Wasu suna dawowa da ƙarancin barci, da saurin fushi, da firgita idan yara suka fasa abin wasa mai ƙara. Kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya gani, kuma kada a yi gaggawar cewa son ne ya ragu. Idan abin ya daɗe, ko ya fara neman sauƙi a wurin ƙwayoyi, a haɗa addu'a da ganin likita, a asibitin soja ko a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure, kuma manya su yarda a ɗaga biki har ya sami natsuwa idan likita ya ba da wannan shawara.