Yadda za ka yi amfani da kalmar fill a Turanci ba tare da ka ruɗe ba

Matsalar da na fi gani wajen masu koyon Turanci da wannan kalma ita ce suna ɗauka duk inda Bahaushe ya ce cika to Bature ma fill zai ce, alhali cika tamu ta fi fill faɗi nesa ba kusa ba. Mu muna cika bokiti, mu cika alkawari, yaro ya cika shekara 10, wane ya cika surutu, har idan mutum ya rasu a ce ya cika, to duk cikin waɗannan misalan, na bokitin ne kawai yake ɗaukar fill. Alkawari keep ne ko fulfil, shekara turn ce, he turned 10, shi kuma mai surutu sai ka ce he talks too much. Don haka kafin ka buɗe baki tambayi kanka, akwai wani wuri da yake wayam da ake zuba wani abu ya toshe shi? In akwai to fill ce.

Fara da mai sauƙin. Fill the bottle with water, wato cika kwalbar da ruwa. Lura da with ɗin nan sosai don nan ake zamewa, fill da filled suna tafiya da with, ita kuma full da of take tafiya. The room is full of people daidai ne, the room is filled with people shi ma daidai ne, amma full with ko filled of kuskure ne, kuma wallahi ina yawan ganinsa har a rubutun waɗanda suka yi nisa a karatu. Wani kuma, kar ka ce full the bucket, full ba aikatau ba ce, siffa ce, abin da ya riga ya cika take nunawa. Na abin da ya riga ya wuce kuwa babu wahala, filled ne kawai, I filled it, I have filled it.

Sai maganar fom, wadda kusan kowa sai ya haɗu da ita ko a banki ko wajen neman aiki ko a intanet. A Ingila sun fi cewa fill in the form, a Amurka kuma fill out the form, ma'ana ɗaya ce, ɗauki wadda ta fi maka sauƙi a baki babu wanda zai ce ka yi kuskure. Fill up kuma ita ce ka cika abu har baki, shi ya sa ake yawan jinta a gidan mai, direba ya ce fill it up wato a cika tanki dam. A nan akwai wata ƙaramar ƙa'ida da nake so ka riƙe, idan it ko them za ka sa to a tsakiya suke shiga, fill it up, fill it in, ba fill up it ba.

Fill in ɗin nan tana da wasu fuskoki biyu da nake matuƙar so saboda a ofis kullum ana buƙatarsu. Idan ba ka samu zuwa mitin ba sai ka ce wa abokin aikinka please fill me in, kana nufin ya ba ka labarin abin da ya wuce ka, kamar akwai gurbi a saninka shi zai cike maka. Idan kuma wani bai da lafiya ka riƙe masa aikinsa na kwana biyu, I am filling in for him. For ɗin nan kar ta faɗi, ita ce ta raba su, fill him in ka sanar da shi, fill in for him ka tsaya a madadinsa. Haka in ka nemi aiki aka ce the position has been filled to an riga an ɗauki wani.

Likitan haƙori ma fill yake yi wa haƙorin da ya yi kogo, abin da ya cusa a ramin sunansa filling. Zuciya ma tana ɗauka, filled with joy, filled with fear, idanu su cika da hawaye her eyes filled with tears, wannan kam ya zo daidai da yadda muke faɗa.

Saura furuci, dan Allah kar ka raina shi. Fill da feel ba ɗaya ba ne, wasalin fill gajere ne na feel dogo, kuma kunnenka ya riga ya san wannan bambancin, dubi ya fito daga ɗaki da kuma yana fito da baki wato busa da leɓɓa, na farko gajere na biyu ka ja shi. Sannan f ɗin Turanci haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa iska ta fita, in ka haɗe leɓɓa biyu pill za a ji wato ƙwayar magani. Tsaya gaban madubi ka maimaita fill, feel, pill a hankali kana kallon bakinka, in ka ga haƙoranka a kan leɓe a biyun farko ka kuma ga baki ya rufe a na uku to ka samu.